Tagullar da Ba ta Shago Ba

Ranar da likita ya ce tagulla ce ta taru a jikin ƙanina, na ɗauka ni kaɗai na ji sauran bayanin. Babanmu a kan kalmar nan ya tsaya. Bakin likita na ta motsi, shi kuwa ya zuba wa tafin hannunsa ido, yana juya shi ciki da baya.

Sai ka san sana'ar Baba za ka gane dalili. Mai naɗin kwayil ne. Fanka ta ƙone, injin jan ruwa ya tsaya, janareta ya yi hayaƙi, shagonsa ake nufa. Ya kwance abu, ya zare ƙonanniyar wayar da ke ciki, ya zauna ya naɗa sabuwa zagaye bayan zagaye, ya mayar ya ɗaure, abu ya tashi. Wayar nan kuwa ta tagulla ce. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya yi mini karatu har na zama malamar firamare, shi ya sa yake kirana Malama ko da faɗa zai yi mini. Ƙanin nawa tun bai kai tsayin teburin aiki ba yake binsa shago, har masu kawo gyara suka laƙaba masa Injiniya, sunan ya biyo shi gida ya zauna. Kafin ya cika shekara ashirin ya fi Baba sauri, kuma Baba da bakinsa yake faɗa wa duk wanda ya tsaya saurara.

Bara hannun Injiniya ya fara rawa. Aikin da ya naɗa ya riƙa dawowa, masu shi na ƙorafi. Harshensa ya yi nauyi, yawu na zubo masa bai sani ba, ga fushi ba gaira ba dalili. Mutanen layinmu, da ba sa rasa sanin ciwon kowa, suka yanke hukunci cewa ƙwaya yake sha. Baba ya hau maganarsu ya zauna, har ya kai ga marinsa a gaban masu kawo gyara. Sai da idonsa ya yi rawaya, ƙafafunsa suka kumbura, sannan muka kwashe shi zuwa asibiti. Aka yi ta tura mu daga wannan ƙofa zuwa waccan, masu duba hanta su ce mu je wurin masu duba ƙwaƙwalwa, su kuma su maido mu. A ƙarshe wata likitar ido ce ta haska masa fitila ta ga wani zobe mai ruwan ƙasa ya kewaye baƙin idonsa. Ta kira wani likita ta nuna masa, daga nan aka gano ciwon.

Ga abin da likitan ya faɗa mana. Kowa na cin tagulla 'yar kaɗan a cikin abinci, jiki ya ɗauki abin da yake bukata, hanta ta fitar da saura. Hantar Injiniya haka aka haife shi da ita, ba ta iya fitarwa ba. Shekara da shekaru abin na taruwa a cikinta, da ta cika sai ya bi jini ya hau ƙwaƙwalwa. Gado ne, sai uba ya ba da rabi uwa ta ba da rabi, su kuwa suna nan lafiyarsu ƙalau ba su san suna ɗauke da komai ba. Akwai magani, amma na har ƙarshen rayuwa ne, kuma ba a tsallake shi.

“'Yan'uwansa nawa, uwa ɗaya uba ɗaya?” likitan ya tambaya.

“Ni da autarmu,” na ce.

“A gwada ku duka. Wanda aka gano yana da shi tun bai nuna ba, in ya riƙe magani, zai iya tsufa bai taɓa kwanciya ba. Wanda aka bari kuma...” Ya dubi Injiniya, ya fasa ƙarasawa.

A satin nan na ba da jini da fitsari, aka ce ni ba ni da shi. Saura Auta, 'yar shekara goma sha huɗu, mai shiru-shiru, wadda in Baba ya ce rana ta faɗi ba za ta leƙa waje ta duba ba. Na ɗauka maganar kai ta asibiti ba za ta wuce yini ɗaya ba.

“Ba inda za ta,” in ji Baba. “Auta ta taɓa taka shagon nan? Ko abinci ba ita ke kai mana ba. Shi ne na zaunar cikin waya tun yana ƙarami, yana yanke ta da haƙori, yana cin abinci bai wanke hannu ba. Na san abin da na yi wa ɗana. Kada a jawo mini yarinya mai lafiya cikin wannan.”

“Baba, likita ya ce ba wayar ba ce.”

“Likitan ya taɓa naɗa kwayil? Ya ce tagulla ko bai ce ba?”

“Ya ce, amma...”

“To, Malama, duk layin nan wa ke kwana ya tashi cikin tagulla in ba mu ba?”

Washegari bai buɗe shago ba, bai kuma sake karɓar aikin kowa ba. Sai ya juyo kan gida. Ya sauke fankar falo ana tsakiyar zafi. Ya kwashe awarwaron Mama, wanda ma ba na tagulla ba ne, ya zuba a buhu. Firji ma ya kewaya bayansa yana nazari, sai da Mama ta tsaya a gabansa ta ce sai dai ya fitar da su tare. Ya hana Auta taɓa makunnin wuta. Wata rana na same shi yana shafa bango yana bin inda wayoyi suka bi, na ce masa in haka ne sai mu tattara mu koma daji. Bai yi dariya ba, ni ma da na faɗa ban ji daɗin bakina ba.

Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. Ina cikin aji in ga hannun wata yarinya ya ɗan girgiza wurin riƙe fensir, sai gabana ya faɗi. Ana tashi ba gidana nake nufa ba, gidanmu nake wucewa, in sami Auta tana wanke kwanuka in tsaya a kanta. In ce ta miƙo hannu. In ce ta dubi sama in ga farin idonta. In sa ta karanta mini wani abu da ƙarfi don in ji harshenta. Har ta fara ɓuya in ta ji sallamata. Mijina ya ce tun da aka fara maganar nan bai ga na gama kofin shayi a zaune ba. Abin da ke cina shi ne likita ya riga ya gaya mini duban nan nawa aikin banza ne, ranar da ido zai gani an riga an makara.

Na je wa Mama a kicin.

“Ki bi shi a hankali,” ta ce. “Ke ma kin san halinsa.”

“Mama, 'yarki ce fa.”

“Shi ma ubanta ne. Mutumin da ya daina cin abinci, so kike in ƙara masa?”

Ta juya mini baya tana goge murhun da ta riga ta goge. A nan na gane ita ma tsoro take ji. Rabin gadon daga wurinta ya fito, kuma muddin Baba na ɗora wa shago laifi, ita tana samun abin jingina.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na nemi izini wurin shugabar makarantarmu, na tafi makarantar su Auta lokacin hutun cin abinci, na ce ana nemanta a gida. Muna fitowa bakin titi ta ga na tsayar da tasi, sai ta ja ta tsaya.

“Yaya, ina za mu?”

“Asibiti. Jini kaɗan za a ɗiba, mu dawo kafin a tashi.”

“Baba ya sani?”

“Zai sani.”

Ta rungume jakarta a ƙirji. “Ya ce in kin zo kada in bi ki. Ya sa na yi masa alkawari.”

Na lallaɓa, na yi faɗa, na ce ta tuna yadda yayanta yake a da ta dubi yadda yake yau. Hawaye suka zubo mata, amma ƙafarta ba ta motsa ba.

“Baba ya ce lafiyata ƙalau,” ta ce. “Shi ba ya ƙarya.”

Direban tasin ya gaji da danna ham, ya ja tsaki ya yi gaba. Na tsaya cikin rana ina kallonta ta koma ta ƙofar makaranta. Da da hali da na ɗauke ta cak, yadda nake yi lokacin da nake goyonta.

Daga nan shago na wuce, raina a ɓace. Ƙofar rabi a buɗe take. Warin ƙonanniyar waya na nan yadda na san shi, fankoki marasa fukafukai na rataye a bango, injinan mutane da ba a gama ba na jere a ƙasa kowanne da igiyar wutarsa naɗe a wuya. Baba na tsaye yana kwaso naɗin sabuwar waya, ja tana sheƙi, yana jefawa cikin buhu don mai sayen tsofaffin ƙarafa. Maƙwabcinsa mai walda ya kashe injinsa yana leƙe.

“Baba, tun kafin a haife ni kake riƙe da wayar nan. Miƙo hannunka mu gani, yana rawa? Yaran da ka koya wa aiki suka buɗe nasu shagunan, wa ya kwanta a cikinsu?”

“Jiki ba ɗaya ba ne.”

“Ai shi ne abin da likitan ya faɗa! Jikin ne, ba shagon ba!”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Mai walda ya janye kansa. Baba ya saki buhun, ya zauna a kan bencin Injiniya.

“Malama, kina ganin ban ji abin da ya faɗa ba? Na ji. Duka na ji.” Ya share fuska da hannun rigarsa. “In shago ne, na rufe shi, magana ta tsaya a kan ɗa ɗaya. In jinina ne, me zan rufe?”

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na ce masa ƙin dubawa ba zai fitar da komai daga hantar Auta ba. Ya ce in tafi gida mijina na jirana, ya miƙe ya ci gaba da cika buhu.

Duk rigimar nan da muke yi a gida, a gaban Injiniya muke yin ta. Yana zaune a kujerarsa ta falo da tawul a wuya, mu kuma mu yi ta magana a kansa, don kafin ya haɗa kalma biyu mun wuce wurin. Magani ya fara yi masa aiki, kumburi ya sauka, yana iya riƙe kofi da hannu biyu. Mun manta harshensa ciwon ya kama, kunnensa da hankalinsa na nan.

Wata safiya ina shirin shiga aji Mama ta kira ni a waya. “Ki zo,” ta ce. “Ya ƙi shan magani.”

Na same ta tsugune da ƙwayoyi a tafin hannu, kofin ruwa a ƙasa. Injiniya ya damƙe haƙora ya juya fuska bango. Baba na tsaye a kansu.

“Kai, me ke damunka?” na ce. “Ɗaci yake maka? Ko cikinka ke ciwo?”

Ya juyo. Ya yi ta kokawa da bakinsa har jijiyoyin wuyansa suka tashi, mu kuma wannan karon muka jira.

“A... kai... Auta.”

Ba irin taimakon da nake nema ba ke nan. Likita ya ja mana kunne cewa mai ciwon nan in ya yanke magani hantarsa kan iya tsayawa lokaci guda, kuma ba kowa ke dawowa daga nan ba. Na durƙusa a gabansa.

“Ka sha don Allah. Ni zan ji da maganar Auta.”

Ya yi mini wani kallo mai cewa ai mun ga yadda kika ji da ita.

Baba ya yi tsawa, ya yi rarrashi, ya ce a ƙyale shi zai sha in ya gaji, ya fita. Lokacin maganin yamma ya yi, bai sha ba. Abinci yana ci, ruwa yana sha, amma da ya hango ƙwaya sai baki ya rufe. Mama ta gwada daka ta ta zuba masa a shayi, ya shinshina ya ture kofin. Na ce a raina likita bai gama binciken gadon gidanmu ba, da taurin kai ya gwada da duk mun kamu.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na wuce su ba. Daga makaranta zuwa gidanmu, daga gidanmu zuwa gidana, in taɓa girki in bar shi a wuta in koma. Na ba yara aikin aji ɗaya sau biyu, su suka tuna mini. Na je wa Injiniya na ce na janye maganar, ya sha maganinsa kawai, ya rufe ido ya ƙyale ni. Na je wa Baba na ce yana gudun rasa ɗaya zai rasa biyu, ya tashi ya bar mini ɗakin. Auta na raɓe a bakin ƙofa tana jin komai, ta rame. Rawar hannun Injiniya ta dawo har cokali ba ya tsaya masa, ni kuma duk lokacin da na shigo idonsa nake fara dubawa ko rawayar ta dawo.

Ranar da abin ya ƙare ina wurin. Baba da kansa ya karɓi ƙwayoyin daga hannun Mama, ya durƙusa a gaban kujerar, abin da ban taɓa gani ba.

“Ɗana, ka dubi girman Allah ka sha. Na rufe shagon. Ba ka ƙara ganin waya. Me kuma kake so in yi?”

Injiniya ya ɗauki lokaci. Yawu na zuba, Mama ta miƙa hannu za ta goge masa ya kauce.

“Ka... mare ni,” ya ce. “Ka ce... ƙwaya... nake sha.” Ya ja numfashi. “Ita ma... in ta fara...”

Bai iya ƙarasawa ba, ba kuma wanda ya taya shi. Baba ya zauna a wurin, ƙwayoyi na jiƙewa da gumin hannunsa. Can ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ajiye su a kan tebur.

“Auta! Sa takalminki.”

Ko a haka Injiniya bai buɗe baki ba. Sai da muka isa asibiti aka ɗibi jinin, na kira Mama ta kara masa waya a kunne, Auta ta ce, “Yaya, an ɗiba,” sannan Mama ta ce ya haɗiye.

Gwajin ba na rana ɗaya ba ne. Bayan jini aka ba ta wata jarka aka ce ta tara fitsarinta na yini da kwana guda ta kawo. Kunya ta kusa kashe ta. Ta naɗe jarkar a baƙar leda har biyu, ta roƙe ni in riƙe a hanya don a ɗauka tawa ce. Likitar ido ta haska mata fitila ta ce ba ta ga zobe ba, amma a jira sauran sakamakon, don a masu ƙananan shekaru ba lallai ya fito ba. Baba rabin farko kaɗai ya ɗauka ya kawo gida. Ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya ce wa Mama ta shirya ganin yadda Malama za ta sha kunya. Ni kuwa ban taɓa son in sha kunya irin wannan karon ba.

Da aka kira mu, mu uku muka je, Baba da babbar rigarsa mai guga. Likitan bai yi kewaye-kewaye ba.

“Tana da shi. Hantarta ta fara nuna alama, amma ba abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kun kawo ta a kan lokaci. Yau za ta fara magani, in ta riƙe shi ina sa ran ba za ta ga abin da yayanta ya gani ba.”

Na ji daɗi, na ji baƙin ciki, na rasa wanda zan fara da shi. Na kamo hannun Auta, ya yi sanyi.

“Likita,” in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa, “yarinyar nan ba ta taɓa shiga shagona ba.”

“Na sani, Baba. Shagonka ba shi da laifi.”

Muka fito muka zauna a bencin da ke gaban tagar ba da magani, Auta a tsakiyarmu. Mutane na ta wucewa, wata mata na rarrashin jaririnta, mai shara na tura bokiti da ƙafa. Auta na kallon takalminta. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce:

“Baba.”

“Na'am, Auta.”

“Da Yaya Injiniya bai ƙi shan maganinsa ba, yaushe za ka kawo ni?”

Ba da faɗa ta tambaya ba, yadda take tambayarsa komai ta tambaya, tana jiran amsar da za ta yarda da ita. Na buɗe baki zan kare shi, ni da na kwashe makonni ina yaƙi da shi, sai ya ɗaga mini hannu.

“Da ban kawo ki ba,” ya ce. “Da ina nan ina gadinki har ya same ki.”

Auta ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, a gaban mutane, har matar nan mai jariri ta juyo tana ba ni haƙuri.

Aka kira mu daga taga. Kafin in yunƙura Baba ya riga ni. Mai ba da magani ta miƙo ledar, ta faɗi yadda ake sha, kafin abinci, ba a tsallake ko sau ɗaya, ta juya za ta kira na gaba. Baba bai matsa ba.

“'Yata, yi haƙuri,” ya ce. “Sake faɗa mini tun daga farko.”